Darussan aikin ceto a duwatsun Birtaniya

Duwatsun Birtaniya ba su da wani tsayi na a-zo-a-gani. Ben Nevis da ke Skotland, wanda ya fi kowanne, mita 1,345 ne. Snowdon na Wales mita 1,085, Scafell Pike na Ingila kuma mita 978. Wannan gajartar ce ke yaudarar masu yawon hawa dutse. Mutum zai ajiye motarsa a gindin dutse ana rana, ya kama hanya da riga ɗaya da takalmin yawo, ya manta cewa kowace mita 1,000 da ya hau zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iskar da ke kaɗowa daga teku ɗauke da ruwa. Waɗanda ke fita neman irin wannan mutum idan ya ɓata ko ya karye 'yan sa-kai ne: malaman makaranta, makiyaya, ma'aikatan jinya, magina. Ba a biyansu albashi, wanda aka ceto ma ba a karɓar ko kwabo daga hannunsa.

Darasin farko yana zuwa tun kafin a ɗaura takalmi. A ƙasar, ana kiran 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce musu masu ceto a dutse ake so. Wanda ya ce motar asibiti yake nema ya jawo wa kansa jinkiri, domin motar iyakarta bakin titi. Da zarar kira ya iso hannun shugaban tawaga, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: ina mutumin yake? Kuma amsar da ɓatacce ke bayarwa ba abin dogaro ba ce, domin yakan faɗi inda yake zaton yake. Lambar taswira mai haruffa biyu da alƙaluma shida tana nuna fili mai faɗin mita 100, amma mai firgici yakan juya alƙaluman, ya karanto na arewa kafin na gabas, sai a tura mutane wani kwari daban. Shi ya sa yanzu ake aika masa saƙon tes mai ɗauke da mahaɗi, irin tsarin SARLOC da wani ɗan tawagar ceto ta Ogwen Valley da ke Wales ya ƙirƙiro. Yana dannawa wayarsa za ta aiko da ainihin wurin. Sai a gaya masa abu biyu: kada ya motsa daga nan in dai wurin ba shi da haɗari, kuma ya cusa wayar cikin rigarsa ta ciki, domin sanyi na shanye batir cikin ɗan lokaci.

Ɓata a dutse tana da wuraren da ta saba faruwa. A ƙololuwar Ben Nevis, idan hazo ya rufe kuma dusar ƙanƙara ta binne hanya, mutum ba ya bambance ƙasa da sama. Hanyar sauka lafiya sananniya ce: daga ginshiƙin awo na ƙololuwa a bi digiri 231 a kamfas har mita 150, domin a kauce wa bakin ramin Gardyloo Gully, sannan a juya zuwa digiri 282. Mita 150 ɗin ƙirga taku ake yi, kuma kowane mai ceto ya san taku nawa ne ke kai shi mita 100. Wanda ya bar ƙafarsa ta ja shi hagu a sashe na biyu, Five Finger Gully zai faɗa, kwazazzabon da daga sama yake kama da gangara mai sauƙi, can ƙasa kuma ya zama bango. Scafell Pike na da irin nasa tarkon, Piers Gill. Dalilin duk ɗaya ne: gajiyayye yakan bi inda ƙasa ta fi sauƙin gangarawa, ya bi ruwa, alhali ruwa ba ya tsoron faɗowa daga tsayin mita hamsin. Sanin wannan hali ne ke sa tawaga ta fara duba irin waɗannan wurare tun kafin ta baza mutane ko'ina. Karnukan nema, waɗanda Hamish MacInnes ya kafa ƙungiyarsu a Skotland a 1965, warin mutum suke kamawa a iska, don haka ana shigar da su ta ɓangaren da iska ke nufa, su yi ta ratsa ta har su ci karo da warin.

Rauni mafi yawa shi ne na ƙafa, targaɗe ko karaya a idon sawu, kuma galibi a hanyar saukowa, lokacin da cinya ta gaji, hankali ya riga ya koma gida. A gari wannan ƙaramin abu ne. A kan dutse kuwa, wanda ya karye ya daina tafiya, wanda ya daina tafiya jikinsa ya daina samar da ɗumi, ga gumi ya jiƙa rigarsa. Nan ne babban darasin aikin yake, kuma sabon shiga yakan daɗe bai yarda da shi ba. Idonsa na kan ƙafar da ta karkace, alhali abin da ke neman ran mutumin sanyi ne.

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga matsala. Da farko mutum na makyarkyata, yana magana daidai. Wannan ana iya ba shi shayi mai sukari da abinci, a sauya masa jiƙaƙƙun kaya. Daga nan sai harshe ya fara nauyi, yatsu su kasa jan zif, ya yi ta tuntuɓe, ya yi fushi ba dalili ko ya yi shiru ya ce a bar shi ya huta. Wajen digiri 32 makyarkyatar kan tsaya. 'Yan uwansa sukan yi murna su ce ya samu sauƙi, alhali jikin ne ya gaza. Wasu ma a wannan mataki sukan fara tuɓe tufafi suna cewa zafi suke ji.

Abin da ake yi yana da tsari. Bayan an tabbatar yana numfashi kuma jini ba ya kwarara, abu na farko shi ne a raba shi da ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da dutse suna zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda mutane ke zato, don haka a shimfiɗa tabarmar roba, in babu a jera jakunkunan baya ko naɗaɗɗiyar igiya a ƙarƙashinsa. Sai a jefa wani tanti mara sanda a kan kowa da kowa, masu ceto su zauna a kan gefunansa, numfashinsu da jikinsu su ɗumama cikinsa cikin 'yan mintuna. Sai bayan haka ake buɗe shi a duba rauni. Wanda sanyi ya yi wa nisa ba a tsayar da shi, ba a sa shi tafiya, ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a ba shi barasa. A kwance ake ɗaga shi, a hankali kamar ana ɗaukar ƙwai, domin zuciyar da ta yi sanyi girgiza kaɗan na iya rikita bugunta ta tsaya. Idan ma ta tsaya ba a saurin yanke ƙauna. A 1999 wata likita, Anna Bågenholm, ta faɗa cikin ruwa ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasar Norwe, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, aka ɗumama jininta da na'ura a asibiti, ta rayu har ta koma bakin aiki. Saboda irin wannan ake ci gaba da danna ƙirji har a kai mutum inda za a ɗumama shi.

Ɗorin ƙafa ya fi sauƙi. A ba shi maganin rage zafi, sau da yawa iskar Entonox da yake shaƙa da kansa, a taɓa yatsun ƙafar a ji ko jini na kaiwa, a ɗaure, a sake dubawa bayan an ɗaure. In ana zargin ƙashin baya, akwai katifa mai cike da ƙananan ƙwallaye: a kwantar da shi, a zuƙe iskar cikinta da famfo, sai ta sandare daidai da siffar jikinsa.

Jama'a sun ɗauka jirgi mai saukar ungulu ne ke yin aikin. Yana taimakawa ƙwarai, amma idan gajimare ya sauko kan dutse ko iska ta yi ƙarfi ba ya iya kusantowa, kuma a irin wannan yanayi ne aka fi samun haɗari. Saboda haka ba a dakatar da masu tafiya a ƙasa don an ce jirgi na tafe. Gadon ɗaukar mai rauni, ko samfurin Bell ko na MacInnes, ana hawa da shi ne a rarrabe a bayan mutane, a harhaɗa a wurin. Mutum shida zuwa takwas ke riƙe shi a lokaci guda, kuma hannu na mutuwa da wuri a kan duwatsu masu santsi, don haka dole a samu wasu na jiran karɓa, a riƙa sauya ɓangare. Nisan da mai lafiya zai sauka cikin awa ɗaya yakan ci awa uku ko huɗu. Inda gangara ta yi tsanani sai a ɗaure gadon da igiya a riƙa sassauto shi. Duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya na tafe a gefen kan majiyyacin yana yi masa magana, yana kiran sunansa, domin sauyin muryarsa ne zai fara nuna cewa jikinsa na canjawa.

Akwai lissafin da ke hana yawancin wannan wahala. William Naismith ya tsara shi tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A watan Disamba rana na faɗuwa a arewacin Skotland kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kiraye-kiraye da yawa daga mutanen da ba abin da ya same su suke zuwa, dare ne kawai ya riske su ba tocila. Tocilar goshi, usur da ledar shiga don kare iska ba su kai nauyin gorar ruwa ba. Alamar neman taimako busa shida ce, a dakata minti ɗaya, a maimaita, kuma kada a daina don an ji amsa, domin sautin ne masu nema ke bi a cikin duhu.

Mai ceto ma jikin mutum gare shi. A watan Fabrairun 2021 wani ɗan tawagar ceto ta Patterdale da ke Ingila ya faɗo daga nisan kusan mita 150 a dutsen Red Screes yayin da suka fita aiki da dare, ya samu mummunan rauni a ƙashin baya, ya rasu a 2023. Shi ya sa shugaban tawaga ke da ikon cewa a dakata sai gari ya waye idan dusar ƙanƙara na barazanar zaftarewa, ko da iyalan wanda ya ɓata suna tsaye a bakin hanya. Hukunci ne mai ɗaci, kuma wani lokacin shi ne daidai. Bayan an miƙa majiyyaci ga motar asibiti ma da sauran aiki: a wanke igiyoyi a bi su da hannu ana laluben inda dutse ya ci, a shanya jakar ɗumin da ake sa majiyyaci a ciki, a sauya tulun iskar da aka taɓa, a sa rediyo a caji, a mayar da komai cikin mota a mazauninsa kafin kowa ya tafi gida.