Babur mai injekta da ke mutuwa a ralanti yau, gobe ya tashi lafiya lau

Gyaran da ya fi ba makaniki wahala shi ne na ciwon da ke ɓuya da zarar an shigo gareji. Mai babur ya ce jiya ya mutu masa a shataletale yana ralanti, wato inji na aiki ba a murza totur ba, an tayar, allurar agogon juyin inji ta tsaya cak wajen juyi 1,400 a minti kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Hannun da ya saba da kabureta nan take zai nemi sukurun ralanti. A babur mai injekta, wato mai na'urar da ke fesa wa inji mai maimakon kabureta, kada a yi haka. Sukurun nan da kamfani ya ɗiga wa fenti a jikin totur, shi ke tsayar da totur daidai inda ƙwaƙwalwar babur, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, ta san a rufe yake. In aka murɗa shi, an ɗora ciwo na biyu kan na farko.

A fara da tambayar mai shi. Da sassafe yake yi, ko sai inji ya ɗau zafi? Bayan an wanke shi ne? In mai ya yi ƙasa a tanki? In ya faɗa rami, ko in an kunna fitila? Kowace amsa wuri daban take nunawa, kuma makanikin da bai yi waɗannan tambayoyi ba zai yi ta sa mutum sayen kaya ne kawai.

Wuta ce farko, domin famfon mai da injekta da ƙwaƙwalwa duk batir suke ci, kuma a ralanti ne caji ya fi rauni. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in inji a kashe yake, in an ɗan murza totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. A kwance kan batir da wayar mas, wato ta negatif, inda ta kama jikin babur, a goge su har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. Sannan a bar inji yana ralanti, a riƙa girgiza soket ɗaya bayan ɗaya: na injekta, na famfo, na sensar totur (na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda totur ya buɗe), da wayoyin da ke lanƙwasa a wuyan kan babur. Inda inji ya yi tari, nan ɓarakar take. Makunnin da ke jikin jek na gefe, wato ƙafar da ake jingine babur, ma yakan yi wannan tsiya idan laka ta shige shi.

Amma a nan Garuwa da Marwa da Kuseri, zargina ya fi ƙarfi a kan mai. Zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba bakin titi, yakan zo da ruwa da ƙasa, abin da kabureta ke haƙuri da shi amma injekta ba ta iyawa, don ramukan bakinta ƙanana ne ƙwarai. A tsiyayi mai daga ƙasan tanki a kwalba mai haske, a ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi kwance a gindin kwalba, layinsa daban. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya: famfo ya zuƙi ruwa yanzu, an jima ya zuƙi mai. A ciro famfon a duba ragar da ke bakinsa. In ta koma ruwan ƙasa a canza ta, wanki ba ya mayar da ita.

Famfon kansa fetur ɗin da yake ciki ne ke sanyaya shi. Ɗan acaɓa da ke shan lita ɗaya-ɗaya, tanki kullum kusan wayam, a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, dafa famfonsa yake yi. Irin wannan famfo da safe lafiya lau, da azahar ƙarfinsa ya faɗi. Kukan sakan biyu da yake yi in an murɗa makulli ba shaidar lafiya ba ce. A ɗaura masa agogon awon matsin mai lokacin da babur ke da zafi. Ƙananan Honda da yawa suna son matsin kusan bar 3, sauran a duba littafinsu. In kuma aka buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska fuu, hanyar numfashin tankin ta toshe.

Sai iska. Ƙurar hunturu takan haɗu da tururin man inji ta yi baƙin danƙo a gefen faifan totur da ƙaramar hanyar da iskar ralanti ke bi. A wanke da feshin wankin totur da tsumma mai laushi, kada a fesa kan sensa, kada a tura waya cikin rami. Robar da ke tsakanin totur da inji takan tsage saboda rana, tsagar ta buɗe sai inji ya yi zafi. A ɗan fesa mata feshin nan inji na aiki, nesa da salansa. In sautin ya canza, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya.

Babur da ke mutuwa da zafi kawai, ya kuma ƙi tashi sai ya huce, a auna tazarar bawul ɗinsa lokacin da inji ke da sanyi. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai in ƙarfe ya buɗe, matsi ya zube.

Sensa ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita aka fi saurin ɗora wa laifi. A Honda fitilar inji tana ƙiftawa don nuna lambar matsala: doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya. 7 sensar zafin inji, 8 ta totur, 12 injekta, 29 bawul ɗin da ke sarrafa iskar ralanti. Lambar nan layin da ke da matsala kawai take nunawa, sau da yawa laifin na soket ne. Sensar totur tana karɓar bolt 5, tana mayar da kusan rabin bolt in totur a rufe. A buɗe shi sannu a hankali ana kallon mita: ya kamata lambar da ke kan mita ta hau sumul. In ta yi tsalle ko ta faɗi sifili a farkon buɗewa, inda aka fi gogarta, to ta cinye, sai sabuwa.