Peftaid mai lanƙwasa ba shi da siffa ɗaya

Wani ɗalibi ya nuna min peftaid ɗinsa, wato gajeren zaren amino asid, a allon kwamfuta, a naɗe tsaf, wai ya gama aiki. Na tambaye shi nawa J ɗinsa tsakanin HN da Hα, wato awon na'urar NMR tsakanin hydrogen biyu na kowane amino asid da ke nuna yadda zaren ya lanƙwasa, ya ce duk wajen 7 Hz. Gabana ya faɗi, domin ni ma nan na yi tuntuɓe.

A lokacina, na tattara alamun NOE, waɗanda ke nuna hydrogen da suke kusa da juna, na mayar da su tazara, na tilasta wa kwamfuta ta ba ni siffa guda da za ta gamsar da su duka. Ta bayar kuwa, amma siffar babu ita a ruwan gwajin. Ƙarfin NOE yana bin r⁻⁶, don haka tazara gajera ke rinjaye. Idan hydrogen biyu suna kusa da 2.5 Å (angstrom, ma'aunin tazarar atom) kashi 10 cikin 100 na lokaci, sauran lokacin suna 6 Å, lissafi zai ba ka kusan 3.6 Å, tazarar da ba su zauna a kai ba. Ina iya cewa haka ake yi wa furotin, kuma injinan lokacin ba su da ƙarfi. Gaskiya ne. Amma heliks, wato zaren da ya murɗe, yana ba da J wajen 4 Hz, miƙaƙƙen zare wajen 9. Bakwai ɗin nan gaurayen siffofi ne, ni ma na gan shi a nawa, na kau da kai.

Ku yaran yanzu, kuna da injinan da ba mu yi mafarkinsu ba, amma kwaikwayon motsi na nanosakan 100 kuke gudanarwa sau ɗaya ku ɗauki hoto! Juyawar amino asid ɗin prolin tsakanin siffofinsa biyu, cis da trans, tana cin daƙiƙoƙi, yaushe za ku gan ta?

Kada ku yarda da kwamfuta. Sai dai kuma ba ita, ba ku da tarin siffofin da za ku gwada. Ku yi musayar kwafi, wato ku gudanar da kwafin kwaikwayon da yawa a zafi daban-daban suna musanyawa, dabarar da Sugita da Okamoto suka gwada kan peftaid ɗin Met-enkephalin a 1999. Ku maimaita da AMBER da CHARMM36m, tsare-tsare biyu na lissafin ƙarfin da ke tsakanin atom. Daga tarin ku lissafo J da NOE, sannan ku kwatanta da awo.

Idan nauyin peftaid ya kusa dalton 1,000, NOE na iya ɓacewa, ku koma ROESY, wani awon NMR da ba ya ɓacewa a wannan nauyin. Heliks ɗin da ya fito bayan kun zuba TFE, sinadarin da ke ƙarfafa heliks, kuwa, ku rubuta cewa a TFE kuka gan shi, ba a ruwa ba.