Mai son ganin tsuntsaye ya bi ruwa

Duk wanda ya tambaye ni lokacin zuwa daji kallon tsuntsaye, amsata ɗaya ce: bari tafkuna su fara ƙafewa. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, hanyoyi sun zama taɓo, tsuntsaye kuma sun watsu tunda ko'ina akwai ruwa. Amma daga Disamba zuwa Afrilu ƙishirwa ce ke tara maka su wuri guda. Lokacin ne kuma baƙin tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke nan, kafin su juya wajen Maris.

Mu na Garwa a Kamaru, gandun dajin Binuwai ne kusa, a kan hanyar Ngawundare. Ka kwana can, ka fita bakin kogi da asuba tare da ma'aikacin gandun. Kowa dorina yake nema, ni kuwa yashi nake dubawa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai toka-tokan baya, kansa baƙi da ratsin fari, cikinsa ruwan ƙasa-ƙasa, yana ta gudu a bakin ruwa. A cikin yashi yake binne ƙwansa. Idan rana ta take sai ya shiga ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya sanyaya wurin. Wallahi ko shi kaɗai na gani, kuɗin motata ya fita.

Dajin Waza, can arewacin Kamaru, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968, shi ne gidan gauraka da jimina da tuje, kuma raina yana can. Sai dai matsalar tsaro ta yi wa yankin illa, kada ka kama hanya sai ka tambayi hukuma a Marwa.

Mai hali ya wuce gandun dajin Zakuma a Chadi cikin Maris ko Afrilu. Zafi ba a magana, amma gauraki da dinya da kwasakwasa sun cika sauran ruwan da ya rage. Gab da magariba jan baki ke sauka shan ruwa, garke bayan garke kamar hayaƙi, har rassan itatuwa na lanƙwashewa. Na san manomin dawa ba zai so jin ana yabonsu ba, kuma da gaskiyarsa, ɓarnarsu ba kaɗan ba ce.

Ka riƙe madubin hangen nesa da ruwan sha mai yawa, ka bar fararen kaya a gida. Shamuwa dai kada ka neme ta da rani, sai an fara jin ƙamshin ruwan farko.