Hanyar Kachi da itacen da Kawu ya rantse ƙerana ce

Gaskiya ni ba kallon wani itace ya kaini Ajantina ba, aiki ne ya kaini Buenos Aires cikin watan Afrilu, da muka gama sai ya rage min kwana huɗu kafin jirgin dawowa, wani abokin aikinmu ɗan can yace in dai ƙasar nake son gani to in bar birnin nan in nufi Salta, can arewa maso yamma a gindin tsaunukan Andes. Awa biyu ne a jirgi. Salta ɗin tsayinta daga teku kusan ɗaya da Jos, wajen mita 1,200, har iskar ma ta so tayi kama, sai dai su lokacin sanyi ne ke shigo musu mu kuwa a gida ana tsakiyar zafin bazara.

Washegari bayan asuba muka kama hanyar Kachi, ƙaramin gari ne kamar kilomita 160 daga Salta, mu shida a ƙaramar bas da direba wani dattijo mai gashin baki wanda baya jin Turanci, nima Sifaniyancina bai wuce gaisuwa ba, wayata ce tafinta. Da farko gonakin taba ne da ciyayi kore shar har nace to ina hamadar da ake faɗa, can sai hanya ta shige wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu ta fara hawa. Kuesta del Obispo suke ce wa wurin, kusan kilomita 20 na kwana kan kwana, ka leƙa taga kaga motar da ke bayanku ta koma kamar kwalin ashana, ni dai Hasbunallahu kawai nake ja ƙasa ƙasa. A ƙololuwa akwai wani katon dutsen niƙa da aka yasar da ɗan ƙaramin coci, mita 3,348, wato mun haura Chappal Waddi na Taraba da yafi ko'ina tsayi a Najeriya da sama da mita 900. Ina sauka daga mota nayi taku goma da sauri sai naji kaina ya sara numfashi na neman gagarata. Direba ya ciro ganyen koka, wanda daga shi ake yin hodar iblis, daga leda ya miƙo min don ciwon kan ya lafa, shi tun safe nasa na cikin kunci kamar yadda tsofaffinmu ke ajiye goro, a can doka ta yarda a tauna ganyen, nace na gode, ruwa na sha na zauna kan dutse har abin ya lafa.

Muna gangarowa ɗaya ɓangaren sai duniya ta canza. Koren nan duk ya ɓace, fili ne fetal na tsakuwa da gajerun ciyayi, kuma ga su nan a tsaitsaye, dubbai, iya ganinka har gindin tsauni. Wallahi kallon farko na ɗauka mutane ne suka taru a filin idi, wasu miƙe sambal kamar turken wuta wasu sun ɗaga hannu biyu sama wasu hannayen har biyar shida. Kardon kenan, wani dogon itace mai ƙaya. Wurin gandun gwamnati ne tun 1996, Los Kardones, ya haura hekta 60,000, kuma a cikinsa hanyar take miƙewa ɗoɗar kusan kilomita 19 ba kwana ko ɗaya, Tin Tin suke kiranta, akan sawun tsohuwar hanyar mutanen Inka, waɗanda suka mulki yankin kafin zuwan Turawa, aka shimfiɗa kwaltar.

Na ɗauki hoto, da muka samu sabis na tura a guruf ɗin gidanmu, ba'a jima ba Kawu ya turo murya yana dariya wai "kai yanzu ɗan nan duk kuɗin jirgin nan ƙerana kaje kallo? Ai da ka zo na kaika Filato ka ganta an yi shinge da ita kyauta." Nace Allah ya ja da ran Kawu ba ita bace. Kamanni akwai kam, amma ƙerana da tinya da aguwa dangi ɗaya ne masu farin ƙaro mai guba, wanda in ya shiga ido sai an yi da gaske, kardon kuwa bashi da wannan ƙaron, asalin danginsa na nahiyar Amurka ne, zaman ƙasa mara ruwa ne kawai yasa suka ɗauko siffa ɗaya.

Da ka matsa kusa zaka gane girman abin. Wanda na tsaya a gindinsa ya ninka ni uku, kaurinsa ba zan iya rungumewa ba ko da babu ƙaya, manyansu suna kai mita 10. Ganye ko ɗaya babu, jikin ne kore da layi layi tun daga ƙasa har sama, in an yi ruwa layukan su buɗe ya kumbura ya ajiye ruwan, in rani yayi su tsuke, saiwarsa bata nisa ƙasa sai dai ta bazu a sama sama ta yadda ko yayyafi akayi zai samu rabonsa. Da rana rufe ƙofofin numfashinsa yake, sai dare yayi sanyi ya sauka sannan ya buɗe. Ƙayar ƙasa doguwa ce mai tauri launin zuma, wata tafi ɗan yatsa tsayi, ta sama kuwa inda dabba bata kaiwa tayi laushi fari fat kamar furfura. Da karambanina na kai hannu, abinda ya biyo baya kwana uku ina jinsa in na riƙe biro.

Amma abinda ya tsaya min a rai ba manyan bane. Direban ya kira ni da hannu ya durƙusa gaban wata ƙaramar ciyawa mai ƙamshin magani da suke kira hariya, ya ɗaga reshenta, a ƙarƙashi ga wani ɗan dunƙule mai ƙaya da bai kai ƙwan kaza ba. Ya rubuta a wayata ta fassara min cewa wannan ya shekara da yawa a nan. Itacen yana zubar da iri dubbai amma kusan duk mutuwa suke, sai wanda ya faɗa inuwar irin ciyawar nan ta kare shi daga rana da ƙanƙarar dare har yayi ƙarfi, girmansa 'yan santimita ne a shekara, fure ma sai ya doshi shekara arba'in hamsin yake fara yi. Na ɗago na sake kallon dogayen nan, wasunsu sun haura shekara 200, wato suna nan tsaye tun zamanin da Shehu ɗan Fodiyo yake raye, ciyawar da ta raine su kuwa ko alamarta babu. Furen fari ne babba, sai wajen ƙarshen shekara yake fitowa don haka ban gani ba, 'ya'yan da ake ci, pasakana, suma lokacinsu ya wuce.

Akwai labarin da kowa a yankin zai baka, wai lokacin yaƙin neman 'yanci da Sifaniya mayaƙan wurin basu da yawa sai suka rinƙa yafa wa kardon bargo suna ɗora masa malafa, abokan gaba su hango daga nesa su zata runduna ce. Ni da na fara ɗaukarsu mutane bani da bakin musu.

Kafin Kachi mun wuce wani ɗan gari Payogasta, nan naga abinda ya sani dariya ni kaɗai, jan tattasai an shanya a ƙasa fili guda kamar ka bi hanyar ƙauyukanmu da kaka, niƙawa suke su sayar da garin. Kachi kanta fararen gidajen ƙasa ne da titin dutse, bayanta tsauni mai ƙanƙara a ka wanda ya haura mita 6,300. Abinci na tsaya kan humita, masara ce da cuku a naɗe cikin ɓawonta kusan kamar alala, don miyarsu ta gargajiya da naman alade ake yi. Nayi azahar da la'asar a wani lungu bayan dandalin garin ba wanda ya ko kalle ni sau biyu.

A dandalin ne na gane amfanin itacen. In kardon ya mutu naman jikin ya bushe ya zube, abinda ke saura katako ne mara nauyi mai huji huji kamar rariya, kuma a ƙasar da babu manyan bishiyoyi shine azararsu. Tsohon cocin garin na leƙa daga bakin ƙofa, rufin sama da shi akayi, a gidaje ma ƙofa da taga da kujeru duk shine. Saran da akayi masa ne ya kusa ƙarar da shi a wasu wuraren, yanzu an hana sare mai rai, masu sassaƙa sai wanda ya faɗi da kansa. Na sayi ɗan akwati ƙarami na katakon a hannun wata tsohuwa.

Da na dawo gida na kai wa Kawu tsaraba, ya jujjuya akwatin ya leƙa ta hujin ya shinshina, yace to katakon dai ba na ƙerana bane, amma hoton nan har gobe ƙerana ce. Goronsa yake ajiyewa a ciki yanzu.