Yadda shan ruwan azurfa ke rina fata ta koma launin toka

Ruwan azurfa da ake tallatawa a intanet da sunan colloidal silver ruwa ne da ƙananan ɓurɓushin azurfa ke yawo a cikinsa. Masu sayarwa kan ce yana kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙara garkuwar jiki. Gaskiya ne azurfa na kashe ƙwayoyin cuta idan an shafa ta a waje, shi ya sa likitoci ke amfani da man silver sulfadiazine a kan ƙuna. Shan ta kuwa wani abu ne daban. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar azurfa ko kaɗan, kuma tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin magungunan ruwan azurfa da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Abin da aka tabbatar shi ne lalurar da ake kira argyria, inda fata ke rinewa ta zama shuɗi-shuɗi mai toka-toka, kuma ba ta komawa yadda take.

Idan ruwan ya isa ciki, tsamin ciki na narkar da wani kaso na azurfar, hanji ya tsotse, jini ya kwashe ya rarraba. Wani ɓangare na fita ta bayan gida, sauran ya maƙale a sassan jiki har da can ƙarƙashin fata, musamman kewaye da jijiyoyin da ke fitar da gumi. A can yake haɗuwa da sinadaran sulfur da selenium ya zama ƙwayoyi masu duhu da ba sa narkewa. Hasken rana na ƙara baƙanta su, kamar yadda haske ke ƙona azurfar da ke jikin fim ɗin kyamara na da har hoto ya fito. Shi ya sa fuska da wuya da bayan hannu suka fi nunawa, wurin da tufa ta rufe kuma ya fi haske.

Lissafin na da sauƙi. Kwalbar da aka rubuta wa 10 ppm na nufin miligiram 10 a kowace lita, wato mikrogiram 50 a cokalin shayi ɗaya mai mililita 5. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar mikrogiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, saboda haka mai kilo 70 iyakarsa mikrogiram 350, cokali bakwai ke nan. Mai shan kofi guda kullum ya ninka wannan sau da yawa, kuma taruwa take yi wata bayan wata. Mafi muni su ne masu haɗawa a gida da batir da wayoyin azurfa biyu a cikin ruwa. Ba su da hanyar auna ƙarfinsa, kuma idan sun yi amfani da ruwan famfo ko sun zuba gishiri don aikin ya yi sauri, ruwan kan yi fari-fari kamar an ɗiga madara saboda yawan azurfar da ta zuba. Stan Jones, ɗan siyasar jihar Montana ta Amurka da ya nemi kujerar sanata a 2002, irin wannan haɗin ya fara sha a 1999 don tsoron ƙarancin magani a shekarar 2000, fatarsa ta rine.

Alamar farko sau da yawa a dasashi take fitowa, wani layi mai launin toka a gindin haƙora. Sai farin da ke gindin farce ya yi shuɗi, farin ido ma ya dusashe. A baƙar fata canjin na ɓuya, sai dai a ga fuska ta yi duhu mai toka kamar an shafa gawayi, don haka baki da farce da ido ne wuraren dubawa.

Kada kowa ya yanke wa kansa hukunci da madubi. Leɓe da farce na yin shuɗi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, wannan kuwa lamarin gaggawa ne. Magunguna irin su minocycline da amiodarone ma na kawo irin wannan launi. Likita zai auna iskar jini, ya tambayi abin da ake sha, sannan ya yanki ɗan guntun fata a duba da madubin likita. Gwajin jini kaɗai bai isa ba, domin azurfar na iya raguwa a jini bayan an daina sha alhali tana nan daram a fata.

Daina sha na hana ƙaruwa ne kawai. Magungunan da ke janye ƙarfe mai guba daga jini ba su yi aiki a nan ba, man bilicin kuma ba ya isa zurfin da ƙwayoyin suke. Na'urar hasken leza nau'in Q-switched Nd:YAG ta haskaka fatar wasu, amma da zafi sosai, kuma ga mai duhun fata tana buƙatar ƙwararren likitan fata don gudun tabo. Man kariya daga rana da hula mai faɗi na rage ƙarin duhu. Wanda ke shan ciprofloxacin ko tetracycline ko thyroxine ya gaya wa likitansa tun a zaman farko, domin ruwan azurfa na hana hanji tsotse waɗannan magunguna yadda ya kamata.