Ranar da aka auna mai jinya

Wata takwas ke nan ina jinyar Mama tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta cikin dare kada kwanciya ta yi mata gyambo, ni ke ba ta magani, gari ya waye ga yara ga aiki. Masu dubiya su ce "ya mai jiki?", ni kuma a bi ni da "sannu da ƙoƙari". Daɗin wannan sannun ya sa na manta ni ma ina da jiki.

Ranar Talata a asibiti, nas ta gama auna Mama sai ta ce, "Yaya, miƙo hannunki." Jinina ya kai 150 bisa 95, alhali daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini. Ga mai barcin awa huɗu kacal irina, ai dole jini ya hau.

Abin da ya fi min nauyi shi ne buɗe baki in ce wa ƙanwata na gaji. Kunya nake ji, kamar na gaza. Ashe ita ma jira take a neme ta. Yanzu dare biyu a mako nata ne. Daren farko ban runtsa ba, kunnena na ɗakin Mama. Jiya kuwa sai yara ne suka tashe ni.