Kafin ku fara tara takardun ƙwarewa

Wata ƙaramar likita da nake horarwa ta zo tana murna, wai ta cike fom ɗin kwas uku lokaci guda: kula da tsofaffi, ciwon suga, da tafiyar da asibiti. Ko horon likitan iyali ba ta gama ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma gabana ya faɗi.

Ni ma a da kunya ce ta kore ni daga aikin likitan iyali. Ana ce mini likitan komai da komai, abokaina na tiyata da na zuciya ana ba su girma, ni kuwa kullum tambaya, yaushe za ka ƙware? Alhali fannin nan ƙwarewa ce mai zaman kanta, a Amurka tun 1969 aka amince da shi, horonsa a can shekara 3. Sai na shiga tsalle-tsalle. Na taɓa likitancin 'yan wasa don an ce akwai kuɗi, ni da ko ƙwallo ba na kallo. Na koma lafiyar al'umma, daga nan ofis ya haɗiye ni. Ba zan ce asara ce zalla ba, albashi ya ƙaru, kuma mai iyali ba ya ci da suna. Amma ranar da aka kawo mini wata tsohuwa tana yawan faɗuwa, da leda cike da magunguna, na tsaya ina juya kwalabe kamar ɗalibi. Abokin aikina da bai taɓa barin ɗakin duba marasa lafiya ba ya dube su sau ɗaya, ya cire na barci, ya rage na hawan jini.

To, ku ƙananan likitoci, ku zauna ku duba marasa lafiya tukuna, har ku gane wane irin majinyaci ne ba ya gundurar ku. In tsofaffi ne, ku bi nan. In masu ciwon da ba ya warkewa ne, akwai fannin rage raɗaɗi, wanda wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe wa asibiti a Landan a 1967. Akwai karɓar haihuwa, akwai masu shaye-shaye, akwai koyarwa. Amma ku yaran yanzu, tambayarku ɗaya: nawa ake biya? Ko cikin majinyaci ba ku iya dannawa ba!

Sai dai kuma kada ku jira da yawa, in ɗawainiya ta hau kanku karatu ba ya shiga. Kuma in ofis ya kira ku, ku je, amma ku riƙe rana ɗaya a mako ta ganin marasa lafiya, ko shugaba bai so ba.